Gangar Bakin Gora

Tun da na dawo ba a bar ni na zauna lafiya a majalisar ƙofar gidan Liman ba. Wannan ya ce da gaske ne mutanen fadama a kan ruwa suke kwana, wancan ya ce in nuna masa usur ɗin da aka ce Bature ya ba ni. Malam Isa maɗinki kuwa, da ya hango ni sai ya miƙe ya ce, "Sarkin Ruwan Kafin Hausa, barka da fitowa!" alhali ya san ko kududdufin bayan kasuwa kewaye shi nake yi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, har da inda ban fita da kyau ba.

Da damina ta kankama takarda ta zo daga ofishin En'e, aka ce a tura malamin tsabta ɗaya daga kowace gunduma zuwa Haɗeja, a koya musu yadda za a shirya wa ambaliya. Ni ne duba-garin Kafin Hausa, saboda haka ba a yi dogon nema ba. Na ɗaure tabarma da buta a bayan keke, na fita bayan sallar asuba ina jin kaina. Ban yi nisa ba lakar hanya ta cika tsakanin taya da ƙarfe, keke ya ƙi gaba ya ƙi baya. Daga nan ni na ɗauki keken, ba shi ya ɗauke ni ba. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya tsaya ya kalle ni tsaf, ya ce, "Malam, dokin naka ba shi da lafiya ne?" Na shiga Haɗeja da la'asar, wandona ya zama kalar tukunya.

An sauke mu a wani gida kusa da kasuwa, mu goma sha wani abu, ɗaki biyu. Kwana goma muka yi muna zuwa wata rumfa a bayan ofis, inda wani Bature dogo mai jan wuya yake magana, tafinta yana juya mana. Ba zan ɓoye ba, abin da aka koya mana mai amfani ne. A kafa sanda a bakin kogi, a yi mata zane da fenti, fari a ƙasa, ja a sama, a riƙa dubawa safe da yamma. A ƙirga mutanen kowane gida, a san tsoho da makaho da mai jego, a san wanda zai ɗauki kowannensu. A zaɓi tudun da za a gudu. A fitar da iri kafin a fitar da kwanuka. A tafasa ruwan sha. Sa'an nan, abin da Baturen ya fi nanatawa, a yi gwaji: wata rana ba tare da an faɗi lokaci ba, a busa usur, kowa ya bi hanyar tudu kamar ruwan ya zo, don ranar gaskiya kada a ruɗe. Ranar ƙarshe aka ba kowannenmu gwangwanin fenti biyu da usur ɗaya mai igiya, aka raba mu ƙauyuka. Ni aka ba ni Bakin Gora, can gaba da Kirikasamma, kusa da iyakar ƙasar Barno.

Zuwa Kirikasamma na samu motar 'yan kifi, na zauna a kan buhunan da aka juye banda, har yau rigar nan kyanwa ba ta barinta. A can na bar keke a gidan wani malamin makaranta, don an gaya mini daga nan hanya ta zama ruwa. Kwalekwale ya kai ni rabin tafiya, sai muka isa wani wuri da ciyawa ta toshe, aka ce sai dai gora. Ku da ba ku sani ba, gora ce ƙatuwa, wadda mutum ba zai iya rungume ta ba. Masunci yakan kwanta a kanta da ciki, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa kamar kwaɗo, bakinta a ƙarƙashin cikinsa, kifin da ya kama ya jefa ciki. Aka zuba kayana a ɗaya, aka ce in hau ɗaya. Na yi bisimilla na hau, ta juya da ni. Na sake hawa, ta sake juyawa. A karo na uku na tsaya a kai, wani masunci ya ja ni da igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Da muka fita na laluba wuyana, babu usur.

Wanda ya ja ni ɗin nan sunansa Modu, saurayi ne babba mai faɗin ƙirji, ba ya yawan magana. Shi ya kai ni wurin Bulama, mai garin, Bulama ya karanta takardata ta bakin limaminsu, ya ce a sauke ni a gidan su Modu ɗin, wurin mahaifiyarsa Ya Falmata, tun da akwai ɗaki a zaure.

Ya Falmata tsohuwa ce 'yar siririya, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan karkacewar Barebari. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemuna, ta ce, "Wushe, wushe, sannu da zuwa. Kai ne aka aiko ka koya mana ruwa?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "To, madalla. Zauna ka bushe tukuna."

Abinci kam ban taɓa cin irinsa ba. Burabusko da miyar ɗanyen tarwaɗa, man kifin yana yawo a kai. Mu a gida kifi ɗan ƙamshi ne a miya, a raba guntu ɗaya gida guda. Su kuwa tuwon ne ɗan rakiya. Da safe ta kawo mini dafaffen bado, saiwar furen nan da ke kan ruwa, na ci don kunya, washegari na nema da kaina. Gadajensu a sama suke, a kan turaku, sai ka taka gungume ka hau, a ƙasa a hura hayaƙin kashin shanu saboda sauro. Sauron Bakin Gora kuwa ba ya jin hayaƙi, ina zaton ma ya saba da shi. Rumbunansu ma a ɗage suke. Shinkafarsu tana bin ruwa, ruwa ya hau ta hau. Na lura ba mai zagin kogi a garin, ko yaro. In ya ci gonar mutum sai a ce, "Ya shigo mana."

Na fara aiki da ƙwazo. Na kafa sandata a mashaya, na yi mata fari da ja. Kwana biyu na tarar an ɗaure mata kwalekwale uku, ta karkace kamar mai ruku'u. Na gyara, na yi faɗa, aka ba ni haƙuri ana murmushi. Na bi gida-gida na rubuta mutane, matan suna amsa mini ta bayan zana. A nan na san Ya Falmata ba ta da kowa sai Modu.

Tudun da ya fi kusa kuwa ashe ba a ƙasar Haɗeja yake ba. Da muka je dubawa da Bulama, ya nuna mini wata tsamiya a tsakiyar fadama ya ce nan ce iyaka, daga can ƙasar Barno ce. Hankalina ya tashi, na ce ai sai an rubuta takarda an nemi izini, kada a ce na kwashe talakawan wani sarki na kai wa wani. Muka haye muka samu Bulaman wancan gefe yana gyaran koma. Na yi masa bayani da Hausar ofis. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, kakata a kan tudun nan aka haife ta, kuma 'yar Bakin Gora ce. In ruwa ya kawo su, mu ce ina takarda?" Ya sa aka dama mana fura, muka sha muka dawo.

Saura gwaji, ga shi ba usur. A zauren Sarkin Ruwa, Baba Bukar, na ga wata ganga baƙa rataye a sama, fatarta ta yi santsi don tsufa. Baba Bukar dattijo ne mai ido ɗaya, shi ke duba kogi a madadin gari. Shi ya fara gaya mini abin da ko a rumfar Haɗeja ban gane sosai ba. Ya ce, "Ruwan da zai tashe mu ba a nan ake yinsa ba. A ƙasar Kano ake yinsa, ya yi kwanaki a hanya. Ranar da zai iso, sama tas za ka gan ta." Na ji daɗin maganar har na rubuta. Sai na ce ya ara mini gangar in yi gwaji da ita.

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Baba, aikin hukuma ne."

Ya ce, "Na ji. Wannan ba a taɓa ta sai da dalili. Ka nemi garwa ka buga."

Ni kuwa na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi da kayan gado. Garwa kuma na ga ba ta dace da mutumin da ya zo da takardar En'e ba. Na riga na sanar da maza a masallaci cewa za a yi gwaji wata rana, na ɗauka magana ta shiga gidaje. Ban tambayi Baba Bukar wane ne dalilin ba. Da na tambaya, da ya gaya mini.

Ranar wata Talata da hantsi, maza sun fita su, Baba Bukar ya tafi duba jinga, wato tudun ƙasar da suka tara tsakanin gari da kogi. Na shiga zaurensa na sauko da gangar, na tsaya a dandali, na shiga dukanta da sauri da sauri, yadda na ga ya kamata a yi wa abin gaggawa. Na sa ido a hanyar tudu ina shirin ƙirga mutane.

Ba wanda ya bi hanyar tudu. Mata suka fito da gudu, wasu ba mayafi, suka nufi bakin kogi, kowace tana kiran sunan nata da ke kan ruwa. Ban taɓa jin irin wannan kira ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ashe gangar kiɗa biyu gare ta. In an buga a hankali, ɗaya-ɗaya, ruwa ya taso wa gari, a hau tudu. In an buga da sauri, ruwa ya ɗauki mutum, a zo a nema. Rabon da a buga ta da sauri tun ranar da mijin Ya Falmata ya nutse, Modu yana goye.

Na gan ta ta wuce ni, tana cewa "Modu! Modu!" Ta hau jinga, lakar ta kwashe ta, ta faɗa ɗaya gefen. Da aka ɗago ta, cinyarta ta karye. Ba ta ko kula da ƙafar ba, tambaya take wa ruwa ya ɗauka. Sai da Modu ya fito daga cikin ciyawa da gorarsa, ta shafa fuskarsa, sa'an nan ta yarda aka ɗauke ta.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi jin sauƙi. Baba Bukar ya karɓi gangar daga hannuna ya mayar inda take. Ya ce, "Malam, ƙafa maɗori zai ɗora. Amma ka sa ganga ta yi ƙarya. Ruwa yana hanya. Ranar da na buga, in suka ce wasan Malam ne fa?"

Na so in tattara kayana in bar gidan, Modu ya ce uwarsa ta ce ba a tashin baƙo. Maƙwabciya ta karɓi girki, abinci bai fasa zuwa zaure ba, sai dai ni ne na kasa cinsa. Kullum da safe in tsaya a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta amsa a gajarce. Na bi gidaje ina ba da haƙuri ta bayan zana, inda a da ake amsa mini da wasa, yanzu sai a ce, "Ya wuce," kawai. Abin da ya rage mini shi ne sandata, ina dubawa safe da yamma kamar mai jinya.

Kwana tara bayan haka ruwa ya bar fari ya fara lasar ja. Rana tana dukan ƙeya, ko gajimare babu. Na ruga wurin Baba Bukar, na tarar ya riga ya sauko da gangar. Ya ce shi ba sandata ya duba ba, kogin ne ya yi ja kamar kunun kanwa, yana kawo kumfa da karan dawar da ba irin tasu ba. Ya fita dandali bayan azahar ya fara bugawa, ɗaya, ya jira, ɗaya.

Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Suka dubi sama, suka dubi Baba Bukar, suka dube ni a tsaye kusa da shi. Wani ya ce, "Gwajin ne kuma?" Wata daga cikin gida ta ce ita ba ta barin tukunya a wuta saboda baƙon Haɗeja. Baba Bukar bai daina bugawa ba. Bulama yana ta kiran mutane da sunayensu, suna amsawa, ba su motsa ba. Na san jingar nan ba za ta kai magariba ba, kuma na san duk wanda ruwa ya ci a garin nan, ni na ba shi.

Sai Modu ya taɓa kafaɗata ya ce, "Iya na kira."

Na same ta a kan gadon kara, ƙafar ɗaure da tsinke da tsumma, ta rungume wata 'yar gora ta irin shinkafa. Ta ce, "Wannan hannun Bukar ne, na san shi. Malam, kai ka karya ƙafar nan, kai za ka ɗauke ta. Kama can. Modu, kama nan. Kada ku bi ta bayan gari, ta tsakiya za ku bi."

Muka ɗauke ta da gadon. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma duk taku sai na ji ta ja numfashi ta haƙora. A kowace ƙofa sai ta ce mu tsaya. "Hajja, fito, ta gaskiya ce." "Kaltume, sauke tukunyar nan, a tudu kya ƙarasa." A ƙofar mutumin da ya ce gwaji ne, ta ce, "Kai Goni, ka ga na yi kama da mai fita wasa?" Kafin mu kai tsamiyar iyaka na waiwaya, sai na ga gari duka a bayanmu, da awaki, da kaji a kwando, da gorunan iri a kai. Makaho Malam Ari yana bayan wanda muka rubuta zai goya shi, mai jego tana kan jakin da aka ajiye mata. A kan tudu na buɗe takardata na kira gida-gida, kowa ya amsa.

Jinga ta ɓalle kafin faɗuwar rana. Daga tudu muna kallo ruwa ya shiga dandali a hankali, ba hayaniya, ya kewaye masallaci, ya kai rabin ƙofar zauren da nake kwana. Rumbu huɗu suka zauna a ruwa. Mutanen wancan gefe suka fito da tabarmi da ƙwaryar burabusko, ba wanda ya tambayi kowa daga ina.

Mako biyu na yi a tudun ina fama da su a kan tafasa ruwa, wannan ma sai da Ya Falmata ta sa aka tafasa nata a gaban mata. Maɗori ya gaya mini ɗaukar da muka yi mata ta gusar da ɗorin, ya sake ɗaurewa, amma ƙafar ba za ta koma daidai ba. Matar da na tarar tana riga samari isa mashaya, da sanda za ta ƙarasa kwananta. Wannan yana raina, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Ranar da zan taho na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar da ta ga Modu ya fito daga ciyawa. Ta sa aka ƙulle mini banda a tsumma, ta ce in kai wa iyalina su san an je fadama. Na ce akwai abin da take so in faɗa wa manya a Haɗeja? Ta yi ɗan tunani.

Ta ce, "Sandarka tana da kyau, a bar mana ita. Takardar sunaye ma. Amma ɗana, in an sake aikenka wani gari ka ga ganga a rataye, kafin ka sa hannu, ka tambaya wa aka buga wa ita na ƙarshe. Uwarsa ko matarsa tana nan cikin garin, tana ji."

Haka na rubuta a rahotona, da kalmominta, ban ƙara ko ɗaya ba. Usur kuwa, Malam Isa, yana ƙasan ruwa tsakanin Kirikasamma da Bakin Gora, in kana so sai in nuna maka gorar da za ka hau. Sandar da na saya a kasuwar Haɗeja mai kan azurfa, wadda kuka ce ta yi wa duba-gari tsufa, ba tawa ba ce. Ranar kasuwa mai zuwa motar 'yan kifi za ta tafi da ita.